Ɗanyen Hoto Da Dafaffe

Jawabi daga shirin kimiyya da sana'o'i

Akwai wani kuka da ya zama ruwan dare a tsakanin masu sana'ar ɗaukar hoto na zamanin nan, tun daga masu ɗaukar hotunan biki a zangon Kumasi har zuwa ma'aikatan jaridu a London da Jidda. Mutum ya ɗauki hoto, ya duba ɗan allon da ke bayan kyamararsa, ya ga launi ya fito sarai, fuskoki sun yi kyau, har ya nuna wa masu biki sun yi murna. Da ya koma gida ya juye hotunan cikin kwamfuta, ya buɗe su da manhajar gyaran hoto, sai hoton ya fara bayyana kamar yadda ya san shi, amma kafin ƙiftawa da bismilla ya sāke a gaban idonsa. Launi ya koɗe, jan mayafin amarya ya koma kamar tsohon rini, fuskoki sun yi toka-toka. Ga wanda ya riga ya karɓi kuɗin mutane wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne, domin ɗaurin aure ko suna ba a sāke shi saboda mai hoto.

A galibin lokaci babu abin da ya lalace, ko a kyamara ko a kwamfuta. Abin da ya faru shi ne, hoton da mutum ya gani a bayan kyamara dafaffe ne, wanda ya buɗe a kwamfuta kuwa ɗanye ne, yana jiran girki. Wanda ya gane wannan bambanci ya sami makullin kusan dukan sauran matsalolin.

Yadda kyamara ke gani

A cikin kowace kyamara ta zamani, a wurin da fim ke zama a da, akwai wani ɗan faranti mai ɗauke da miliyoyin ƙananan ɗigogi masu auna haske. Asalin wannan farantin haske ya koma ga shekarar 1969, sa'ad da Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro irinsa na farko a Amurka, aikin da ya jawo musu lambar Nobel a 2009. A 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar farko marar fim. Ɗigoginta 10,000 ne kacal, hotonta baƙi da fari ne, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kan kaset.

Waɗannan ɗigogi ba su san launi ba; yawan haske kaɗai su ke ƙirgawa. Dabarar da ta warware wannan ta fito ne daga wani ma'aikacin Kodak ɗin, Bryce Bayer, wanda aka yi wa rajistar ƙirƙirarsa a 1976. Ya shimfiɗa wa ɗigogin ƙananan matatai masu launi, rabinsu kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi, domin idon ɗan Adam ya fi jin kore. Saboda haka a kyamara mai ɗigo miliyan 24, miliyan 12 kore kaɗai su ke gani, miliyan 6 ja, miliyan 6 shuɗi. Ke nan kashi biyu cikin uku na launin da ke cikin kowane hoto ba a auna shi ba. Lissafo shi a ke yi daga ɗigogin da ke maƙwabtaka.

To, ɗanyen hoto, wanda masu kyamara ke gani a rubuce da sunan RAW, shi ne wannan tarin ƙididdiga kamar yadda ta fito daga farantin, kafin a taɓa ta. Matsayinsa ɗaya da na fim ɗin da ba a buga a takarda ba tukuna. Kafin ya zama abin kallo sai an cike launukan da suka ɓace, an daidaita fari, an fassara launin farantin zuwa launin da allo ya sani, an ƙara bambanci tsakanin haske da duhu, an rage tsaki-tsakin da ke cikin inuwa, sa'an nan an ƙara kaifi. Kyamara tana yin duk wannan aiki a cikinta cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ta fitar da dafaffen hoto irin wanda a ke kira JPEG, tsarin da aka amince da shi a 1992.

Abin da ke sa ƙwararru su jure wa wahalar ɗanye shi ne yalwarsa. JPEG yana da matakai 256 daga baƙi zuwa fari a kowane launi, alhali ɗanyen hoto yana da 4,096 ko 16,384, gwargwadon irin kyamarar. Wanda ke da dafaffe kaɗai sai ya ci yadda aka dafa masa. Mai ɗanye yana iya sāke girki ko sau nawa.

Dalilin da hoton ke sākewa

A duk lokacin da kyamara ta ajiye ɗanyen hoto, ta kan cusa ɗan dafaffen kwafi a cikin fayil ɗin. Shi ne ke bayyana a bayan kyamara, shi ne kuma manhaja ke fara nunawa don kada mai aiki ya zauna jira. Da zarar ta gama nata lissafin sai ta janye kwafin kyamara ta sa nata. Wannan musanya ita ce sākewar da ke firgita mutane.

Girkin biyu ba za su taɓa zama ɗaya sak ba, domin kowane kamfani yana riƙe da sirrin nasa. Canon tana da fayil iri nata, CR2, da kuma CR3 da ya fito a 2018. Nikon tana da NEF, Sony tana da ARW, Fujifilm kuwa RAF. Masu rubuta manhajoji irin su Lightroom da Capture One da darktable da RawTherapee tilas su auna kowace sabuwar kyamara su haɗa mata nasu tsarin fassara launi, wanda a ke kira furofayil. A 2005 har an yi cacar baki a fili, sa'ad da Thomas Knoll, ɗaya daga 'yan'uwa biyun da suka ƙirƙiro Photoshop, ya bayyana cewa Nikon ta kulle bayanin daidaiton fari a cikin fayilolin kyamararta D2X, kafin daga baya kamfanonin biyu su daidaita. Tun a 2004 kamfanin Adobe ya fito da tsarin DNG da nufin ya zama na kowa da kowa, amma manyan masu ƙera kyamara irin su Canon da Nikon da Sony suka ci gaba da nasu.

Maganin koɗewar launi ke nan a bayyane. Mai aiki da Lightroom ya duba wurin zaɓen furofayil. Tun daga 2018 manhajar ta kan fara da nata mai suna Adobe Color, amma a ƙarƙashin rukunin Camera Matching akwai waɗanda aka yi su don su kwaikwayi girkin kyamara. Idan ya zaɓi wanda ya yi daidai da abin da ya sa a kyamararsa, hoton zai matso ƙwarai kusa da abin da ya gani tun farko. Daga 2020 kuma ana iya umurtar manhajar ta riƙa bin saitin kyamara da kanta a duk hoton da aka shigo da shi. Wanda ke son kama ta sak da sak, sai ya koma ga manhajar da masu kyamarar suka yi, kamar Digital Photo Professional ta Canon ko NX Studio ta Nikon, waɗanda a ke ba da su kyauta. Haka nan wanda ya sa kyamararsa a baƙi da fari, sa'an nan ya ga hoton ya komo da launi a kwamfuta, kada ya yi mamaki. Launin yana nan a cikin ɗanyen tun asali.

Bin sawun sauran alamomi

Mai hikima ya kan yi kamar likita, ya fara da duban alama kafin ya ba da magani, kuma ya sāke abu ɗaya kaɗai a lokaci ɗaya, don ya san wanda ya yi aiki.

Idan hoton duka ya karkata zuwa rawaya ko shuɗi, to daidaiton fari ne. Haske iri-iri ne, ana kuma auna launinsa da ma'aunin Kelbin. Tsohon ƙwan lantarki mai zare yana wajen 2,700 zuwa 3,200, hasken rana da tsaka wajen 5,500, inuwa kuwa ta kan kai 7,000 ko fiye. Ido yana gyara wannan da kansa, shi ya sa farar riga ke zama fara ko a ɗaki ko a fili. Kyamara kuwa cinta ta ke yi. A ɗanyen hoto wannan cinta rubutu ne kawai a gefe, ana iya sāke shi ba tare da hasarar kome ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a taɓa wani abu mai ruwan toka a cikin hoton da alƙalamin daidaita fari da ke cikin manhaja. Masu tsantseni su kan ɗauki hoton kati mai ruwan toka a farkon aiki, su daidaita a kansa, su kwafe saitin zuwa sauran hotunan. Inda wahala ta ke shi ne zauren biki mai fitilu iri biyu ko uku ga kuma hasken taga. A nan babu lamba ɗaya da za ta gamsar da hoton duka, sai a daidaita don fuskoki, a gyara sauran wurare ɗaya bayan ɗaya.

Idan hoton ya fi duhu a kwamfuta, a duba ko an kunna wata dabarar kare haske a kyamara, kamar Active D-Lighting ta Nikon. Irin wannan dabara ta kan rage hasken da ke shiga don kada wurare masu haske su ƙone, sa'an nan ta ɗaga inuwa a lokacin girki. Manhajar wani kamfani ba lalle ta san ta ɗaga inuwar ba, sai a ga ragin kaɗai. Ko dai a ɗaga da hannu, ko a kashe dabarar idan ɗanye a ke ɗauka.

Idan fayil ya ƙi buɗewa sam, ko kuwa gajimare da fararen tufafi suka koma ruwan hoda, mafi yawa kyamarar ce ta fi manhajar sabunta. Manhajar ba ta san iyakar da farantin wannan kyamara ke cika da haske ba, saboda haka lissafinta ya karkace. A sabunta manhajar, ko kuma a bi da fayilolin ta DNG Converter, wadda Adobe ke bayarwa kyauta, don tsohuwar manhaja ta iya karanta su. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda ya sayi sabuwar kyamara ya gwada fayilolinta a kwamfutarsa kafin ya kai ta wurin aikin kuɗi.

Tsaki-tsaki a cikin inuwa, da duhu a kusurwoyi huɗu, da ginshiƙai masu lanƙwasa kamar baka, duk suna nan tun farko, kyamara ce ta share su a kwafinta. Akwai madannin gyaran gilashin kyamara da na rage tsaki a kowace manhaja mai kyau. Wannan ya fi tsanani a wayoyin hannu, domin waya ta kan ɗauki hotuna da dama a jere ta narkar da su wuri ɗaya, ɗanyenta na asali kuwa hoto ɗaya ne tak daga ƙaramin faranti. Don rage wannan tazara ne Apple ta fito da ProRAW a ƙarshen 2020. Masu kyamarorin Fujifilm kuma, waɗanda tun 2012 da yawansu ke da wani jeri na matatai dabam da na Bayer, su kan ga ciyawa da ganye sun yi kamar tsutsotsi idan aka cika ƙara kaifi; rage kaifin ko gwada wata manhaja ya kan warware shi.

Layuka su ne alamar da ta fi bukatar natsuwa, domin dalilansu uku ne. Idan layukan ko baƙaƙen murabba'ai suna zuwa suna ɓacewa yayin da a ke aiki, a kashe amfani da na'urar zane ta kwamfuta a cikin saitin manhaja, a gani. In sun tafi, hoton lafiyarsa lau. Idan rabin hoton ya zama zane-zane masu launin bakan gizo alhali ƙaramin kwafin yana da kyau, to fayil ɗin ya lalace a katin ajiya ko a hanyar juyewa. Sai a sāke juyewa da wata na'urar karanta kati, kuma kada a goge katin sai an tabbatar. In abin ya faskara, ana iya ciro dafaffen kwafin da ke ciki, wanda a kyamarori da yawa girmansa ya isa bugawa. Na uku shi ne ratsi-ratsi na haske da duhu a hotunan da aka ɗauka ƙarƙashin fitilun zamani. Fitilun suna ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa a ƙasashen da lantarkinsu ke juyawa sau 50, kamar Ghana da Kamaru da Sudan da Ingila, sau 120 kuma a Amurka da Saudiyya inda ya ke juyawa sau 60. Wannan ya shiga cikin ɗanyen, gyaransa a kwamfuta da wuya ƙwarai. Rigakafinsa a wurin ɗauka ne: a rage saurin marufin kyamara zuwa ɗaya bisa 50 ko 100 na daƙiƙa a ƙasashen farko, ɗaya bisa 60 ko 125 a na biyu.

Sau da yawa kuma laifin na allon kwamfuta ne. Allon da ya cika haske ya kan sa mai gyara ya riƙa duhunta hotunansa bai sani ba, sai an buga a takarda a ga sun yi baƙi. Saitin dare, wanda ke mai da allo rawaya don hutar da ido, shi ma ya kan ruɗi mutum ya ƙara shuɗi. Akwai 'yar na'ura da a ke ratayawa a fuskar allo ta daidaita shi, galibi a kan 6,500 na Kelbin. Sa'an nan a wurin fitar da hoto, duk wanda za a aika wa mutane ta waya ko intanet a fitar da shi a tsarin launi na sRGB, wanda Microsoft da Hewlett-Packard suka tsara a 1996. Hoton da aka fitar a tsari mai faɗi kamar Adobe RGB ko ProPhoto ya kan koɗe a duk na'urar da ba ta san fassara shi ba.

Baƙar fata da farar riga

Akwai wuri ɗaya inda wannan magana ta shafi masu sauraron wannan shiri fiye da wasu. Babu abin da ke gwada kyamara kamar mutum baƙi sanye da farar babbar riga ko harami a tsakiyar rana. In aka auna haske don rigar, fuska ta nutse. In aka auna don fuskar, aikin allurar da ke wuyan riga ya ƙone ya zama fari fat.

Matsalar ta girmi kwamfuta. Daga shekarun 1950 masu wankin hoto suna daidaita injunansu da wani kati na Kodak mai hoton mace Baturiya, wanda aka sani da katin Shirley, kuma sai a tsakiyar shekarun 1990 kamfanin ya fitar da kati mai mata masu launin fata dabam-dabam. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta rubuta a 2009 cewa koke-koken masu sayar da kayan katako da masu yin cakulan, waɗanda ba sa ganin bambancin launukan hajarsu a hoto, suna cikin abubuwan da suka sa aka gyara fim don ya iya da launuka masu duhu. Ko a 2021 sai da Google ta yi shelar cewa ta sāke tsarin kyamarar wayarta Pixel 6 don ta fitar da baƙar fata daidai.

A nan ne ɗanyen hoto ke biyan wahalarsa. Gargaɗin ƙonewa da kyamara ke nunawa daga dafaffen kwafi ta ke lissafa shi, saboda haka rigar da ta ce ta ƙone sau da yawa zaren aikinta yana nan a cikin ɗanyen, muddin ba dukan launuka uku ne suka cika ba. Sai a saukar da haske a riga, a ɗaga fuska a hankali, a kuma lura kada madannin gyara-da-kanka ya mai da mutum fari ko toka-toka, domin shi matsakaicin haske ya ke nema, bai san wanda ke tsaye a gabansa ba. Mai son tabbaci ya sami katin launuka 24 da a ke kira ColorChecker, wanda ya fito tun 1976, ya ɗauki hotonsa a hasken wurin aikin, ya haɗa furofayil na kansa.

Ɗanye a matsayin shaida

Duk gyaran da aka yi a irin waɗannan manhajoji ba ya taɓa ɗanyen fayil. Umurni ne kawai a ke rubutawa a cikin kundin manhaja ko a wani ɗan fayil na gefe mai suna XMP. Shi ya sa wanda ya kwafe ɗanyen kaɗai zuwa wata kwamfuta zai ga gyaransa ya ɓace, shi ya sa kuma duk wanda ya ruɗe yana iya danna madannin komawa farko ya sāke lale.

Wannan rashin taɓuwa ya mai da ɗanyen hoto shaida. Gasar World Press Photo da ke Amsterdam ta kan nemi fayilolin asali daga waɗanda suka kai kusa da ƙarshe, kuma a 2015 ta fitar da kashi 20 cikin 100 na ayyukan da suka kai zagayen kusa da na ƙarshe saboda gyaran da ya wuce iyaka. A Nuwamban shekarar kamfanin dillancin labarai na Reuters ya bi ta wata hanya, ya gaya wa masu yi masa aikin ƙwadago su aiko da dafaffen da kyamara ta fitar kaɗai, don sauri da kuma tsare gaskiyar hoto. Ga ƙaramin mai hoto ma, ranar da aka yi gardama a kan wanda ya ɗauki wani hoto, mai riƙe da ɗanyen shi ke da hujja mafi ƙarfi.

Saboda haka shawarar ƙwararru ga mai fara aiki ita ce ya sa kyamararsa ta riƙa ajiye ɗanye da dafaffe tare. Dafaffen ya zama abin kwatance da abin ba masu biki nan take, ɗanyen kuma a adana shi a wuri biyu dabam-dabam, ko da bai yi kyau a yau ba. Manhajoji suna ƙara ƙwarewa shekara bayan shekara, har fayil ɗin da aka ɗauka a duhu shekara 15 da suka wuce, aka ajiye shi don yawan tsaki, yana iya fitowa yanzu da fuskar kakan da ya riga ya rasu, a sarari, yadda jikokinsa za su gane shi.

Jawabi na gaba a wannan jeri zai duba hanyoyin adana hotuna don kada su salwanta idan kwamfuta ko waya ta mutu.